Tsarabar Bakin Teku: Shawara Ga Mai Sayayya Idan Jirgin Ruwa Ya Tsaya

Yayata ce ta kira ni bayan Isha'i, muryarta cike da ɗoki. 'Ya'yanta sun yi karo-karo sun biya mata ita da maigidanta tafiyar mako guda a cikin irin manya-manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu tashi daga Dubai a lokacin sanyi su zaga Maskat da Doha da Baharain, sannan su komo inda suka fito. Na zaci tsoron teku ne ya sa ta nemo ni. Ashe takarda ce a gabanta, ta jera sunaye sun fi talatin, tun daga surukai har yarinyar da ke taya ta aiki, kowa da tsarabarsa.

"Kai da ka taɓa shiga," in ji ta, "me zan sayo, kuma a ina?"

Na ce, "Yaya, bari in fara ba ki labarin gyale."

Ranar da jirginmu ya tsaya a Maskat na shiga kasuwar Matrah da zumuɗi, na sayi gyale uku masu taushi a hannun wani mai shago da ya yi ta rantsuwa cewa gashin awakin Kashmir ne. Na biya ina ganin na yi dace. Bayan na dawo da 'yan makonni uwargida ta shiga Kantin Kwari neman atamfa, sai ga irinsu tuli guda, launi ɗaya, geza ɗaya, a kuɗin da bai kai abin da na biya ba. A cikin jakar da na zubo gyalen kuwa akwai wani ɗan ƙullin lubban da na saya da ragowar canji ina hanyar fita. Shi ne ya yi wata da watanni yana ƙamsasa gidan, duk baƙuwar da ta shigo sai ta tambayi inda aka samo shi.

Tun daga ranar na riƙe ƙa'ida guda: in jirgi ya ajiye ka a wani gari na 'yan awoyi, nemi abin da ƙasar ta haifa da kanta, ka sayi kaɗan mai kyau, ka koma da wuri. Abin da na gaya wa yayata shi zan shimfiɗa a nan, da misalin wannan zagaye na yankin Tekun Fasha.

Agogo kafin aljihu

Mai zuwa sari Dubai yana da kwanaki. Ya ga kaya yau, ya kwana yana nazari, gobe ya koma ya taya. Fasinjan jirgin ruwa ba shi da wannan gatan. Yawanci jirgi kan iso da safe ya tashi da yamma, a tsakani kuma ga layin sauka, ga motar da za ta fitar da kai daga cikin tashar, ga sallah, ga abinci. In ka cire waɗannan, abin da ya rage na kasuwa bai taka kara ya karya ba.

Kowane dare ana ajiye maka takardar shirin gobe a ɗakinka, ko a sa ta a manhajar jirgin a waya. Abu biyu za ka nema a ciki: lokacin da ake son kowa ya gama shigowa, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tashar, wanda za ka kira in wani abu ya tsare ka a gari. Ɗauki hotonta ko ka cusa ta a aljihu. Jirgi yana jiran motocin yawon da shi ya shirya idan suka makara. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa, lokaci na cika ake janye tsani, kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba daga aljihunsa za su fito, ga kuma rigimar biza ga mai fasfo irin namu.

Dubai da Maskat suna gaban Najeriya da Nijar da awa 3, Doha da Baharain da awa 2. Ke nan cikin dare ɗaya agogo na iya matsawa da awa guda, wayarka kuma ko ta canza da kanta ko ta ƙi. Lokacin jirgi ake bi. Kafin ka taka tsani ka daidaita agogon hannunka da abin da aka rubuta a bakin ƙofa, ka ƙudura dawowa da awa guda kafin wa'adi.

Kasuwannin gargajiya na wannan yanki suna da barcin rana. A Matrah da Suk Wakif ta Doha shaguna da yawa kan rufe wajen Azahar, sai bayan La'asar su buɗe, daidai lokacin da kai kuma ka fara duban agogo. Ranar Juma'a da safe kasuwa kusan a rufe take, da azumi kuwa sai dare take cika. Saboda haka da kasuwa za ka fara, kallon gine-gine da ɗaukar hoto su biyo baya. A Maskat abin da sauƙi: mota za ta sauke ka a ƙofar tashar Sultan Kabus, ka bi gefen teku da ƙafa, kafin rabin awa kana bakin kasuwa. A Dubai ka tambaya tun da wuri a wace tasha za ku tsaya. Mina Rashid tana kusa da tsohon gari inda kasuwannin zinare da kayan ƙamshi suke, ɗaya tashar ta wajen Marina kuwa tana can nesa, cunkoson motocin yamma kuma bai san kana sauri ba.

Riyal suna ya tara

Wanda ya saba zuwa Umara yana da ma'aunin riyal a kansa, a wurinsa riyal biyar ba wani kuɗi ba ne. Da wannan ma'aunin mutanenmu ke shiga kasuwar Maskat su sha mamaki. Riyal ɗaya na Oman dala 2.6 ne, kusan riyal goma na Saudiyya. In mai shago ya ce maka "khamsa riyal", dala 13 yake nufi. Dinarin Baharain ya ma ɗara shi kaɗan. Su biyun gida 1,000 ake raba su, shi ya sa za ka ga 2.500 a jikin kaya, ma'ana biyu da rabi. Dirhamin Dubai da riyal ɗin Katar su ne ƙanana: dala ɗaya tana ba da dirhami 3.67, ko riyal 3.64 na Katar. Duk kuɗaɗen nan a ɗaure suke da dala shekara da shekaru, lissafin da ka yi a gida ba zai sauya a hanya ba. Rubuta a 'yar takarda, goma na kowace ƙasa nawa ne a naira ko sefa.

Kuɗi iri huɗu za ka taɓa cikin mako ɗaya, don haka kada ka canza da yawa. 'Yan kasuwar Matrah da dama suna karɓar dirhami da dala, amma da nasu lissafin. Riƙe ƙananan takardu, domin wanda ya zaro babba ya riga ya gaya wa mai kaya nauyin aljihunsa. In da kati za ka biya, ka tabbatar tun a gida cewa bankinka ya buɗe shi ga ƙasashen waje, ka san iyakar da ya yanka maka. Idan na'urar biya ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasar ko da wani kuɗin, zaɓi na ƙasar, ɗaya zaɓin da canji mai tsada yake tafe.

Me ƙasar ta haifa?

Kafin ka tambayi kuɗin kaya, tambayi inda aka yi shi. Garuruwan nan zangon fatake ne tun zamanin jiragen katako, yawancin abin da ke rataye a shagunansu daga Indiya da Sin da Pakistan da Turkiyya ya zo, hanyar da ta kai shi can kuma ita ke kai shi Kwari da Sabon Gari. Juya kaya ka duba tambarinsa. Abin da ka gani iri ɗaya sak a shago goma a jere, inji ne ya yi shi.

A Oman lubban ne sarki. Ƙaro ne na wata bishiya da ke fitowa a busassun kwaruruka na lardin Zufar, can kudu wajen Salala, 'yar'uwar hanon dazukanmu da wasu ke kira ararraɓi. Ana tsaga ɓawonta, ruwan ya tsatso fari kamar nono, a bar shi ya daskare sannan a kankare. Fataucinsa ya daɗe, har UNESCO ta sa wurarensa na tarihi cikin kayan gadon duniya a shekarar 2000. Daraja-daraja ne. Wanda ake kira Hojari shi ne kan gaba, ƙwayoyinsa manya masu haske, fari-fari ko da ɗan ratsin kore. Yadda launi ke ƙara duhu, gari da ɓawon itace suna yawa a ciki, haka kuɗin ke sauka. Akwai na Somaliya a kasuwar, shi ma lubban ne na gaske, amma ka san wanda kake biya. Masu sayar da shi ba sa rabo da kasko da garwashi. Ce wa mai shago ya ɗora ƙwaya ɗaya daga cikin buhun da zai auna maka, ban da wadda ya ware a 'yar kwalba don gwaji. Na ƙwarai ƙamshinsa da sanyi kamar an haɗa da ɓawon lemo, ba ya shaƙe maƙogwaro. A auna a gabanka. Wanda aka riga aka ƙulle cikin kwali mai hoton raƙumi, har kwalin kake saye.

Bayan lubban sai alewar Oman da suke kira halwa, wadda ake tuƙawa awoyi a babbar tukunyar tagulla da sukari da man shanu da za'afaran da ruwan wardi, a ci da gahawa mai ɗaci. Nemi shagon da 'yan gari ke saye, ka ɗanɗana, ka sa a liƙe maka robar sosai don tana tsatso da mai. Ga dabino irin su Khalas da Fard, ga busasshen lemun tsami da suke kira lumi mai gyara miya da shinkafa, ga ruwan wardin Jabal Akhdar mai ɗan ƙaurin hayaƙi saboda yadda ake dafa shi a murhun gargajiya. Zumar sidir, ta bishiyar dangin magarya da kurna, tana da tsada, jabunta kuma ba ya wuyar samu. In ba a shago mai ba da rasit ba, haƙura da ita.

Hular Omanawa, kumma, za ta burge duk wanda ya san darajar zanna-bukar. Ana danganta asalinta da Zanzibar, wadda sarakunan Oman suka mulka a ƙarni na 19. Akwai ɗinkin hannu mai cin makonni ko watanni, akwai na keke mai araha. Ba sai an koya wa Bahaushe bambancewa ba: juya cikinta, aikin hannu ba ya zuwa daidai wa daida kamar an buga da hatimi. Ta keken ma ba laifi ga yara, muddin kuɗin keke ka biya.

Wuƙar nan mai lanƙwasa da ke jikin tutar Oman, khanjar, tana ɗaukar ido, amma wahalarta ta fi daɗinta. Masu tsaron jirgi za su karɓe ta a ƙofa sai ranar sauka, ba ta shiga jakar hannu a jirgin sama, wasu tsofaffin kuma ƙotarsu ta ƙahon karkanda ce ko hauren giwa, abin da kan kai matafiyi gaban alƙali. Zoben azurfa ya fi sauƙin ɗauka. In sabuwar ƙira ce nemi lambar 925 a jikinsa, a kuma ɗora shi a sikeli.

Zinare, za'afaran da ud

Dubai ba ta haƙar zinare, ba ta noman za'afaran, itacen ud kuma ba ya tsira a hamada. A nan ƙa'idar tawa ta ɗan sassauta, domin abin da garin ya mallaka shi ne kasuwa mai tsari da yawan zaɓi. Tunda jiragen da yawa daga nan suke tashi nan suke komowa, wasu har da kwana, ka bar sayayya mai nauyin kuɗi sai ranar da ba ka tsere da agogo.

A kasuwar zinare ta Daira farashin giram na ranar a bayyane yake a alluna, babu ciniki a kansa. Kuɗin ƙira ake yi wa ciniki. A auna a gabanka, a ninka nauyin da farashin ranar, sannan a faɗa maka kuɗin aiki daban. Lambar da ke jikin kayan ita ce shaidarsa: 750 karat 18 ne, 875 karat 21, 916 karat 22. Ranar da za a sayar da sarƙa mai duwatsu, maƙeri cire duwatsun zai yi kafin awo, don haka Hajiyar da ke sayen zinare don ajiya ta nemi mara ado da yawa. Rasit ya nuna nauyi da karat da kuɗin aiki. Ana ɗora harajin kashi 5 cikin 100, baƙo kuma yana iya neman a mayar masa da mafi yawansa in sayayyar ta kai dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin, da sharaɗin an shigar da fasfonsa lokacin saye, an kuma tantance a wurin fita daga ƙasar. A wasu tafiye-tafiyen jirgi ne ke riƙe fasfon fasinjoji, sai ka tambaya a teburin karɓar baƙi tun ana gobe.

Kasuwar kayan ƙamshi tana maƙwabtaka da ta zinare. Za'afaran ɗin da ke cikinta yawanci na Iran ne, ƙasar da ta fi kowace noma shi. Kada ka sayi garinsa. Nemi zare-zaren, jawur, masu ɗan buɗaɗɗen baki kamar kakaki. Jefa biyu a ruwa: na gaske a hankali yake sakin launin rawaya, zaren ya zauna da jansa, wanda aka rina kuwa nan take yake jan ruwan shi kuma ya koɗe. Araha ba ta ado. In an cika maka tafin hannu a kuɗin kwalbar lemo, furen wani tsiro ne daban.

Ud daga dazukan Indiya da Kambodiya da Indonesiya da maƙwabtansu ake kawo shi. Da tola ake sayar da mansa, 'yar kwalba mai kamar mililita 12, akwai rabi akwai rubu'i. Shafa a bayan hannu ka fita ka zaga, ka sake shinshinawa bayan rabin awa, domin wanda aka sirka ƙamshinsa kan gudu ya bar maiƙo. Bishiyar tana cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirrai ke sa wa ido. Abin da aka yafe wa matafiyi don amfanin kansa shi ne kilo 1 na itacen, mililita 24 na man, da carbi biyu. Abin da ya wuce haka sai da takarda.

A Suk Wakif, kayan yaji da gahawa da alkyabbar Larabawa da ake kira bisht su ne abin dubawa, ɓangaren shaho kuwa na kallo ne. Baharain garin lu'ulu'u ne, har dokarta ta hana cinikin wanda aka yi kiwonsa. Nemi takardar gwaji ta cibiyar DANAT in za ka saya, kuɗinsa dai ba na tsarabar mutum talatin ba ne.

Ciniki

Wanda ya taso yana jin "albarka" a Kasuwar Kurmi ba zai ji tsoron Matrah ba. Bambancin kawai, mai shago ya san jirgi ya shigo tun kafin ka sauko, ya ga katin ɗakinka rataye a wuyanka, ya kuma san ƙarfe nawa za ku tashi. Mayar da katin aljihu. Wuce shagunan bakin ƙofa ka kutsa inda matan gari ke saye. Ba banza ake kiran Matrah kasuwar duhu ba, rufaffun lunguna ne da ita, kuma sau da yawa yadda haske ke raguwa haka farashi ke sauka. Tambayi kuɗin abu ɗaya a wuri uku kafin ka taya.

Sallama da ɗan Larabcin islamiyya suna aiki, "kam haza?" da "ghali" sun isa buɗe ciniki, ko da yake da yawa cikin masu jiran shagunan 'yan Indiya ne da Pakistan da Bangaladash. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, in kuma aka sallama maka a kan tayinka, ka biya. Haɗa sayayyarka wuri guda ka nemi ragi a kan jimla, ko ka nemi gyara. Manyan kantuna masu farashi a manne ba a ciniki a cikinsu.

Ɗan rakiya ko direban tasin da ya ce zai kai ka wurin "ɗan'uwansa" dillali ne, la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. Haka nan shagon da motar yawo ke daɗewa a ƙofarsa. Kayansu kan yi kyau, amma ka san mutum biyu kake biya. Wanda ya ce ka biya yanzu zai aiko maka da kaya gida, ko zai kawo maka bakin jirgi da yamma, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa. Gobe war haka kana wata ƙasa, ba a mayar da kaya daga tsakiyar teku. Buɗe ƙullin da aka miƙo maka tun kana cikin shagon, ka tabbata abin da ka zaɓa ne aka naɗe.

Ƙofa uku kafin gida

Ta farko ta jirgin ruwa ce, inda kowace jaka ke bi ta na'ura. Abincin da ke liƙe cikin kwali ko roba yawanci yana wucewa, ɗanyen kayan marmari da nama da kifi kuwa suna iya tsayawa a nan. Ga jan kunne na musamman ga iyayenmu mata: kada a kunna turaren wuta a ɗaki. Ma'aikatan jirgi ba su da abin tsoro kamar gobara, kowane ɗaki da na'urarsa mai jin hayaƙi, kuma kasko, na garwashi ne ko na lantarki, sahunsa ɗaya da kyandir da dutsen guga a cikin abubuwan da aka hana. Lubban ya jira gida.

Ta biyu filin jirgin sama. Duk abin da ke zuba ko malala, turare da zuma da ruwan wardi har alewar nan, in ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. A babbar jaka ma turaren fesawa yana da iyaka, lita 2 gaba ɗaya, kowace kwalba kada ta wuce rabin lita. Gawayin nan mai kamawa da ashana ɗaya an hana ɗaukarsa, ga shi kuma akwai shi a gida. Naɗe kowace kwalba a leda biyu ka cusa tsakiyar tufafi. Zinare da rasit ɗinsa su zauna a jikinka. Dabino da nauyi yake, duba kilo nawa tikitinka ya ba ka kafin ka ce a cika kwali, kada kuɗin awo ya fi kuɗin dabinon.

Ta uku kwastan. Tsaraba daban, kayan sayarwa daban, jami'i kuma da yawan kaya iri ɗaya yake ganewa. Mai hula biyar zai wuce, mai dozin biyar sai ya yi bayani. Tara rasit duka a ambulan ɗaya. Kuɗin hannu in sun haura dala 10,000 ana bayyana su a filin jirgin Najeriya, fita da shigowa, a Dubai kuma iyakar dirhami 60,000 ce. Saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko na wanda kuka saba a teburin cin abinci ne, kada ka karɓa.

Takardar yayata

Washegari na je gidanta muka zauna muka raba sunayen gida uku. Mutum biyar na kusa, kowa abu guda mai daraja: wannan hula, wancan zobe, waccan rubu'in tola. Sauran manya, a sayo lubban da dabino a dunƙule, a zo gida a ƙulla wa kowa nasa. Yara kuma alewa. Gyale da jallabiya da agogo muka soke su, muka ce in ma dole ne, Kwari tana nan ba ta tashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gida ake gyara irin wannan takarda, da kuɗin kowane suna a gefensa, domin a tsakiyar kasuwa, ga cunkoso ga agogo, kai ba ya lissafi.

Na kuma roƙe ta ta bar wa kanta awa guda da babu saye a cikinta, ta zauna a bakin tekun Matrah ita da Alhaji su sha shayi, su yi Azahar tare da mutanen unguwa. Yaran sun biya kuɗin nan ne don ta ga gari, mutum kuwa na iya dawowa da jaka shida bai ga komai ba sai cikin shago.

Kai ma mai karatu, in Allah ya nufe ka da wannan tafiya, sauka da wuri, tambayi inda aka yi kaya kafin ka taya, ka koma jirgi da sauran awa guda a hannunka. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.